Lissafin abin da ganye ke riƙewa idan ruwa ya sauka a Yamai

Tambayar da malamina ya ba ni a matsayin aikin kammala digiri na biyu gajeriya ce. Idan ruwan sama ya kwaso ƙazantar da ke yawo cikin iskar Yamai ya sauko da ita, kashi nawa ke maƙalewa a ganyen itace da na lambu, kashi nawa ke wucewa ƙasa? Ya ce in gina samfurin lissafi a kwamfuta, wanda in aka ba shi yawan ruwan da aka yi da irin shukar zai fitar da amsa. Sai ya gindaya sharaɗi: ba zai karɓi lissafin zaune ba, sai na tari ruwan da hannuna na auna shi da abin da kwamfutar ta faɗa.

Kowa a garin nan ya san abin da ke cikin iskarmu, don hancinsa na faɗa masa. Akwai hayaƙin itacen girki da gawayi, da na babura da tsofaffin motoci masu shan gazuwal, da na bolar da ake cinna wa wuta da ledojinta, da amoniyar da ke tashi daga kashin dabbobi, sannan uwa uba ƙura. Ruwa na ɗaukar waɗannan ta hanya biyu. Wasu tun cikin gajimare suke shiga, domin a jikin ƴan ƙwayoyin ƙura da hayaƙi ne tururi ke taruwa ya zama ɗigo. Wasu kuma ɗigon ne ke share su a hanyarsa ta saukowa. Sharar nan ba ta kwashe komai. Tun 1957 wani masani mai suna Greenfield ya nuna cewa ƙwayoyin da girmansu ya kama daga maikuron 0.1 zuwa 1 suna zille wa ɗigon ruwa, iskar da ɗigon ke turawa a gabansa ce ke kauce da su gefe. Maikuron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita, kuma yawancin ƙwayoyin hayaƙi a wannan tsakanin suke. Saboda haka in sama ta washe bayan ruwa, ƙura mai kauri ce ta sauka. Hayaƙin da ya fi cutar da huhu yana nan da saura.

Sa'ata ɗaya ita ce ba daga kaina aka fara auna ruwan ƙasar nan ba. A Banizumbu, wajen kilomita 60 gabas da Yamai, akwai tashar da ake tarar ruwan sama ana tantance sinadaransa tun 1994. Abin da aka wallafa daga can ya nuna ma'aunin tsamin ruwan, wato pH, wanda lambarsa ke raguwa in tsami ya ƙaru, yana kusa da 6. Ruwan da babu komai cikinsa sai iskar kabon da ya sha a sama 5.6 yake nunawa, ruwa mai tsamin da ya addabi dazuzzukan Turai a shekarun 1970 da 1980 kuwa yakan sauka ƙasa da 4.5. Ba don iskarmu ta fi tasu tsabta ba ne. Ƙurarmu cike take da kalsiyam, shi ke kashe tsamin tun ruwan bai iso ƙasa ba. Da na kai wa Malam wannan, dariya ya yi ya ce, "Ruwa ba ya tsami banza, to namu ma ba ya rasa tsami banza. Ki sa ido a kan ƙurar nan, za ta dawo miki."

Lissafin da na ɗora aikina a kansa na Jamusawa biyu ne, Müller da Pröhl, da suka wallafa a 1993. Sun gina shi ne bayan hatsarin tashar nukiliya ta Carnobil na 1986, lokacin da ruwan sama ya sauke guba a kan ciyawar da shanun Turai ke ci, ana son sanin nawa za ta kai cikin madara. Tunaninsa mai sauƙi ne. Ganye kamar ɗan kofin shayi ne da aka ajiye ƙarƙashin famfo: da ya cika, duk abin da ya biyo baya zuba yake. Abu huɗu lissafin ke nema. Na farko yawan ruwan da aka yi a milimita, kuma milimita ɗaya lita ɗaya ce a kan fili mai mita ɗaya tsawo da faɗi. Na biyu yawan shimfiɗar ganye, wato da za a tsinke ganyen shukar duka a shimfiɗa a filin da take rufewa, hawa nawa zai yi. Na uku kaurin ruwan da fatar ganyen ke iya riƙewa, wanda suka sa milimita 0.2 ga ciyawa da dangin hatsi, 0.3 ga sauran shuke-shuke. Na huɗu halin sinadarin kansa. Fatar ganye tana ɗauke da caji mai ragi, saboda haka tana ture sinadarai masu irin cajinta, ta kama masu caji mai ƙari. Masu caji mai ragi an ba su rabi, masu ƙari ɗaya an ba su 1, masu ƙari biyu irin su kalsiyam da darma an ba su 2.

Na rubuta wannan da Python, wani yaren tsara manhajar kwamfuta, a yini ɗaya, na fara wasa da lambobi. Na ba shi shuka mai hawa uku na ganye da sinadari mai lamba 1. A ruwan milimita 1, ya ce kusan rabin abin da ruwan ya kawo zai tsaya a ganye. A milimita 2, kusan kashi 35 cikin ɗari. A milimita 30, irin ruwan da ke cika mana kwatoci a watan Agusta, kashi 3 kacal. Tun daga nan na fara zargin cewa babban ruwan da kowa ke magana a kansa ba shi ne abin dubawa ba.

Lambobin 0.2 da 0.3 na ganyen Jamus ne, don haka Malam ya ce in auna namu. Wannan aikin ya fi komai cin rai. Sai in yanko reshe, in toshe bakin yankan da kakin kyandir, in ɗora a sikeli, in fesa masa ruwa har ya fara ɗiga, in jira ɗigar ta tsaya, in sake aunawa. A zafin watan Mayu ina tsaye ina kallon lambar sikelin tana sauka da kanta, ruwan na ƙafewa kafin in gama rubutawa. Dole na koma yin awon da sassafe, tagogi a rufe, fanka a kashe, gumi na bin bayana. Daga nan in tsinke ganyen ɗaya bayan ɗaya, in jera a farar takarda kusa da rula, in ɗauki hoto, manhajar ImageJ ta ƙirga faɗinsu. Wanda bai taɓa tsinke reshen bedi ganye-ganye ba bai san yawan ganyen da Allah ya ba itacen nan ba. Bambancin kuwa ido ma na ganinsa. A ganyen mangwaro mai santsi ruwa dunƙulewa yake ya gangare ta tsinin. A sabara, mai ƴan gashi masu toka-toka, ruwan shiga yake tsakanin gashin ya zauna. Zogale kuma kusan ƙin jiƙa yake, ɗigon na birgima a kansa ya faɗi.

Wurin tarar ruwa na same shi a wani lambu a Harobanda, ba nisa da kogi. Mai lambun dattijo ne mutumin Dogon Dutsi, ya daɗe a Yamai. Yana da bedi manya a bakin shinge, da mangwaro, da wani tsohon gawo a kusurwa, a fangalinsa kuma yakuwa da rama da alayyafo, tunda salati da kabeji sai sanyi. Da na gama zayyana masa abin da nake so, ya dube ni ya ce, "Ɗiyata, ke nan ruwan Allah za ki sa wa awo?" Na ce, "Baba, ba ruwan ba, dauɗar da ke cikinsa." Ya ce in dai dauɗa ce zan samu, ya ba ni wuri.

Na jera kwalaben roba masu mazurari a ƙarƙashin kowane itace, wasu kusa da gindi, wasu a tsakiyar inuwa, wasu a bakinta, kowace da ɗan raga a wuya don kada ganye da ƙwari su faɗa. A jikin gindin na naɗa tiyo da aka tsaga biyu, na liƙe da silikon, don ya tari ruwan da ke bin kututture ya kai shi jarka. A fili kuma, inda babu inuwar komai, na kafa ma'aunin ruwan sama da kwalbar da za a gwada sauran da ita. Wannan ta filin ita ce mai wuyar sha'ani. A manyan tashoshi na'ura ce mai murfi, ɗigon farko na taɓa ta sai ta buɗe da kanta, ruwa na tsayawa ta rufe. Ni jikan Baba ne na'urata. Na roƙe shi kada ya buɗe murfin sai ya ji ɗigo a jikinsa, ko da tsakar dare ne, muka shirya a kan kuɗin kati.

Dalilin wannan takura shi ne yadda hadarinmu ke zuwa. Daga gabas yake tasowa, kuma kafin ruwa akwai bangon ƙura ja da ke rufe gari, rana ta koma dare, ƙofofi su yi ta bugawa. Kwalbar da aka bari a buɗe a wannan lokacin ƙasa za ta tara, ba abin da ruwa ya kawo ba. Bayan ƙurar sai ruwa mai ƙarfi ya kece na ɗan lokaci, sannan ya lafa ya koma yayyafi mai bin baya, wani lokaci na sa'o'i. Mafi yawan ruwan da Yamai ke samu a shekara, wanda ba ya cika wuce milimita 500 zuwa 600 tsakanin Yuni da Satumba, a irin wannan hadari yake sauka.

Da safe in zo da kula mai ƙanƙara in kwashe kwalabe, in auna yawan ruwan kowace, in tace, in raba a ƙananan robobi, in daskarar. Ba a barin ruwan ya kwana a zafi, domin ƙwayoyin cuta na cinye amoniyam da wasu sinadaran tsami, awon ya lalace. Akwai daren da wuta ta ɗauke a unguwarmu ta daɗe ba ta dawo ba, na kwashi robobin na kai gidan wata mai sayar da ƙanƙara da ke da janareta, suka kwana cikin firjinta tare da ledojin bisap. Jemagu da tsuntsaye su ma sun yi nasu. Kwalbar da kashinsu ya faɗa ciki ana gane ta a ɗakin gwaji, fosfet da amoniyam ɗinta sukan yi tsalle su bar na saura, sai a cire ta daga lissafi.

Ruwan farko na damina ya nuna abin da samfurin bai tanada ba. Lissafin Jamusawa ragewa kawai ya sani: ruwa ya kawo kaza, ganye ya riƙe kaza, saura ya wuce. Ke nan ruwan ƙarƙashin itace ya kamata ya fi na fili tsabta. Ga kwalabe kuma a gabana, ta fili ruwanta garau da ɗan laka a gindi, na ƙarƙashin bedi kuwa jajaye, awon gishirin da ke narke cikinsu ya ninka na fili. Baba ya ɗaga ɗaya ya duba a rana ya ce, "Ai wanga wankan itace ne, ɗiyata. Tun kaka bai ga ruwa ba."

Maganarsa ita ce gyaran da samfurin ke buƙata. Daga Oktoba zuwa Mayu babu ruwa, hunturu na kwaso ƙura daga hamada, har da ta kwarin Bodele na Cadi wanda ake lissafawa cikin manyan maɓuɓɓugar ƙura a duniya, hayaƙin gari kuma na bin ta. Itace mai ganye duk tsawon watannin nan tara yake yi. Kuma kowane hadari, ƙurar da ke gabansa na ƙara masa sabon lodi mintoci kaɗan kafin ruwan. A inda aka gina lissafin, ana ruwa a kai a kai duk shekara, ganye ba ya samun wannan dogon zama. A wurinmu abin da ruwa ke wankewa daga ganye ya fi abin da yake bar masa. Na ƙara wa samfurin ma'aji na biyu, na busasshiyar ƙura, mai cika a ranakun da babu ruwa, mai raguwa da kowane milimita da ya sauka.

Raba abin da ke cikin kwalbar ƙarƙashin itace gida-gida shi ne ya fi ba ni wuya, domin tushe uku ne suka gauraya: na ruwan sama, na ƙurar da aka wanke, da wanda ganyen kansa ya fitar. Potasiyam, misali, daga cikin ganye yake tsatsowa in ruwa ya jiƙa shi, don haka yawansa a kwalba ba ƙazantar iska ba ce. Hanyar da aka saba bi ta wani Bajamushe ce, Ulrich, ta 1983. Ana ɗaukar sodiyam a matsayin ɗan rakiya, tunda ganye ba ya sha ba ya fitarwa sosai, duk ƙarin da aka gani a ƙarƙashin itace busasshiyar sauka ce, sai a auna sauran da shi. A Turai sodiyam ɗin daga gishirin teku yake. Mu teku na nesa da mu da kusan kilomita 800, iskar damina na kawo wani, ƙurar ƙasa mai gishiri da kanwa na kawo wani, kuma girman ƙwayoyinsu ba ɗaya ba. Na yi amfani da hanyar, amma na sa wa sakamakon tazara mai faɗi. A ganina duk wanda ya ba da lamba guda tak a irin wannan lissafi a Sahel, ya fi ƙarfin abin da ya auna.

Gyara na gaba shi ne lokaci. Ɗaukar hadari guda a matsayin lamba ɗaya, a ce milimita 30, yana ɓoye labarin. Na koma salon wani masani mai suna Rutter na 1971, inda ake bin ruwan da ke kan ganye daƙiƙa-daƙiƙa: nawa ya shigo, nawa ya ɗiga, nawa ya ƙafe. Na samu aron ma'aunin da ke da ɗan cokali mai kifewa duk rabin milimita yana rubuta lokaci, na ciyar da samfurin da bayanansa. Na kuma sa masa cewa ƙazantar ruwa ta fi yawa a milimitocin farko, tana raguwa yayin da iska ke wankuwa.

A nan amsar ta fito. A babban hadari, ruwan farko mai dauɗa yana sauka a ganye, amma ruwa mai ƙarfi na biye da shi ya kore shi, iska kuma na girgiza rassa. Abin da ke kwana a ganye shi ne yayyafin ƙarshe, wanda ya ratso iskar da aka riga aka wanke. Mai barin kaya shi ne hadarin da ya yi ƙura ya yi rugugi, ya yi ɗan tsattsafi ya watse. Ruwansa kaɗan ne, dauɗarsa a cunkushe, bai kai ya ɗiga daga ganye ba, rana na fitowa ya ƙafe ya bar komai a wurin. Masu faifan sola da direbobi sun san shi, shi ne mai barin tabon laka a gilashi. Irin wannan ya fi yawa a farkon damina da ƙarshenta. A jimillar ruwan shekara ba a ko lissafa shi, amma a lissafin abin da ke zama a ganyen da za a tsinka a kai kasuwa, shi ne kan gaba. Abin da ya zauna ɗin ma ba dindindin ba ne. Binciken da aka yi a kan ciyawa ya nuna rabinsa na barin ganye cikin kimanin mako biyu, ta iska da raɓa da tsufan ganyen.

Ga yakuwa da alayyafo akwai ƙarin abin da ba daga sama yake ba. Manyan ɗigo na dukan ƙasa su fantsamo ta a ganyen da ke kusa da ita. Na gane haka ne da na wanke ganyen sama da na ƙasa daban-daban na tace ruwan: na ƙasan yashi ne zalla, mai kaurin da iska ba ta ɗauka. Na ba shi layinsa a samfurin, mai aiki ga ganyen da bai wuce tsawon gwiwa ba.

Gawo kuwa sai da na rubuta masa kalandarsa shi kaɗai. Samfurin na ɗaukar cewa ganye na ƙaruwa da damina, kamar yadda hotunan tauraron ɗan Adam ke nuna ƙasa ta yi kore. Gawo a damina yake zubar da ganye, ya tsaya tsirara, da rani kuma ya yi lif. Kwalaben da ke ƙarƙashinsa a Agusta kusan daidai suke da ta fili. Shi aikinsa na tara ƙura a hunturu yake yinsa, sannan ya sauke ganyen da lodinsu a gindinsa dab da shuka. Na so in ce wannan na cikin dalilan da hatsi ke kyau a ƙarƙashinsa, Malam ya taka mini birki. Ya ce gawo na cikin itatuwan da saiwarsu ke kama naitirojin, dabbobi kuma na kwana a inuwarsa da rani suna barin taki, in ban raba waɗannan da ƙura ba kada in rubuta. Na cire jimlar.

Ranar kare aiki, ɗaya daga cikin malaman da ke zaune ya tambaye ni ko samfurin zai iya faɗin amfanin zoben itatuwan da aka fara dasawa kewaye da Yamai a 1965, wanda yawancinsa bedi ne, gine-gine kuma na ta cinsa. Na ce zai iya nuna hanya: irin waɗannan itatuwa a rani suke kamawa, damina ta sauke abin da suka kama zuwa ƙasan gindinsu. Amma lambobina na lambu ɗaya ne da damina ɗaya, ba zan miƙe su a kan dubban eka ba.

Baba shi ma ya nemi nasa bayanin. Na ce masa ganyen da aka tsinka bayan tsattsafin ƙura ya fi buƙatar wanki da ruwa mai gudu fiye da wanda aka tsinka bayan babban ruwa, kuma masu tarar ruwan indararo su bar na farko ya zube, domin kwanon rufi ma tara ƙura yake kamar ganye. Ya ce na indararon matan gidansa sun riga ni sani, na tsattsafin ne zai faɗa wa masu sarin ganye.

Raunin da ya rage a samfurin shi ne saurin raguwar dauɗa a milimitocin farko, wanda na ɗauko daga littafi ban auna a Yamai ba. Don haka muka haɗa wata na'ura da wani mai aikin famfo a unguwarmu: bututu mai gangara, kwalabe jere a ƙarƙashinsa, kowace da ƙwallon tebur a ciki. In ta farko ta cika, ƙwallon ya taso ya toshe bakinta, ruwan ya wuce ta biyu, haka har ta ƙarshe. Mun gwada ta da butar ban ruwa, tana aiki, sai dai ta biyu na ɗan yoyo a mahaɗa. Za a kafa ta a lambun kafin ƙarshen Mayu, ɗaya a fili, ɗaya a ƙarƙashin bedi.